Kare ƙirƙira a ƙasashen waje: wace hanya ta fi dacewa da aljihunka?

Duk wanda ya shigo shagona da zanen na'urarsa a hannu, maganar farko da nake faɗa masa ita ce babu takarda guda da ke kare ƙirƙira a duk duniya. Fatent, wato takardar mallakar ƙirƙira, ƙasa ce ke bayar da ita, kuma ƙarfinta a bakin iyakar ƙasar yake tsayawa. Wadda ofishin rajista na Abuja ya ba ka ba za ta hana wani a Sin ya ƙera irin injinka ya sayar a Indiya ba. Hanya uku ce ake bi idan ana son fita waje, ni kuwa ba zan ɓoye wadda na fi so ba.

Ta farko ita ce bi ƙasa-ƙasa, bisa yarjejeniyar Paris ta 1883. Daga ranar da ka fara shigar da takarda a gida kana da wata 12 ka shigar a duk ƙasar da kake so, kowace da lauyanta da fassararta da kuɗinta. Wannan ta masu hannu da shuni ce, ko wanda ƙasa ɗaya tak yake nema. Sai kuma mai son Taiwan, wadda ba ta cikin hanya ta uku da zan yi bayani a ƙasa.

Ta biyu ofisoshin yanki ne. OAPI da ke Yawunde takarda ɗaya take bayarwa ta rufe ƙasashe 17, har da Nijar da Kamaru da Chadi. ARIPO da ke Harare ita ce ta su Ghana da Sudan. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya. In kasuwarka Maraɗi da Garwa ce kaɗai, nufi OAPI ka huta.

Ta uku, wadda na bi da injin busar da tumatir ɗina, ita ce PCT, wato yarjejeniyar da ke ba ka damar shigar da takardar nema guda ɗaya ta riƙe maka wuri a ƙasashe da yawa. An sa wa yarjejeniyar hannu a Washington a 1970, ta fara aiki a 1978, WIPO, hukumar duniya mai kula da mallakar ƙirƙira da ke Janiba, ce ke riƙe da ita, kuma ƙasashe sama da 150 ne a ciki. Najeriya ta shiga a 2005. Abin da PCT ke sayar maka lokaci ne. A ce ka shigar da takardarka a Abuja a watan Maris 2025. Kafin Maris 2026 dole takardar PCT ta shiga. Wajen Yuli 2026 rahoton bincike zai iso, wanda ke nuna ko wani ya riga ka ƙirƙirar. A Satumba 2026, wata 18 ke nan, za a wallafa ƙirƙirar kowa ya gani. Sai Satumba 2027, wata 30, ne za ka zaɓi ƙasashen da za ka shiga ka fara biyan kowace. Ofishin fatent na Turai da ARIPO suna ƙara wata guda, su kai 31. Shekara biyu da rabi ke nan ta neman abokin jari da gwada kasuwa kafin babban kashe kuɗi ya taso.

Rahoton binciken nan shi ne ya sa na ƙaunaci hanyar. Dokar Najeriya ta 1970 ba ta sa a binciki ko ƙirƙira sabuwa ce ba. Idan takardu sun cika, a ba ka. Don haka mutum zai iya rataye satifiket a bango alhali wani ya riga shi shekara talatin. Ni rahotona ya zo da takardun wasu mutum biyu da suka riga ni tsarin fankar. Raina ya sosu, amma ya nuna mini cewa sabon abin da ke hannuna shi ne yadda farantan ke juyawa, a kansa na tsaya.

Kuɗin shigarwa faran na Suwizalan 1,330 ne, da ƙarin faran 15 kan kowane shafi bayan na 30. Ɗan Najeriya mazaunin gida da ya nema da sunansa yana samun rangwamen kashi 90 cikin ɗari, ya biya 133. Da sunan kamfani babu wannan rangwame, amma a Nijar har kamfani yana samu. Kuɗin bincike daban ne: a ofishin Turai ya haura Yuro 1,800, ko da yake suna rage kashi 75 ga ɗaiɗaikun mutane daga ƙasashe irin namu. Wata guda ake ba ka ka biya. Kada ka ɗauka PCT ta yafe maka kuɗin lauyoyi da fassara a wata na 30, ɗage su kawai ta yi.

Yanzu ga inda aka cuce ni. 'Yan makonni bayan wallafa takardata, wasiƙa ta zo da tambarin ƙwallon duniya, da suna mai kama da na WIPO, da lambar takardata daidai, da sunan injina harafi bai ɓata ba. Aka ce in biya kuɗin rajista cikin kwanaki kaɗan, zuwa wani asusu a Turai. Tsoron kada wa'adi ya wuce ni ya sa na sayar da babur na tura. Daga baya na sa tabarau na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, ashe tayi ne na saka sunana a wani kundi nasu da ba ya kare komai. Sunana da adireshina a PATENTSCOPE, rumbun takardun fatent na WIPO a intanet, suka ɗauka, wanda a buɗe yake ga kowa. WIPO ba ta karɓar kuɗin wallafar wata 18, ba ta kuma karɓar na shekara-shekara a wannan mataki. A shafinta ma ta jera hotunan irin waɗannan wasiƙu, na ga ƙanwar tawa a ciki.

Akwai kuma dillalan da ke cewa za su samo maka "fatent na duniya" cikin wata uku. Da ka ji haka, tashi. Wasu za su ce ka fara ɗora bidiyon na'urar a Facebook ko TikTok don masu jari su gani. Ɗan'uwa, kada ka yarda kafin takarda ta shiga. Amurka tana ɗaga ƙafa na shekara guda, amma a Turai abin da ka bayyana da kanka ya daina zama sabo. Duk wakilin da ya ce ya shigar maka, nemi lambar da ta fara da PCT, da rasidin ofishin da ya karɓa, sannan ka sa ya ba ka damar ganin fayil ɗin da idonka a ePCT, manhajar WIPO ta bibiyar takardun PCT.