Sharhi kan rumbun PDB: abin da ya nuna wa ɗalibaina game da emasi, da abin da ba ya iya nunawa

Ƴan'uwana malaman kimiyyar halittu, duk wanda ke da salula mai shiga intanet ina ba shi shawara ya leƙa shafin RCSB PDB kafin ya sake koyar da darasin furotin. Kyauta ne, ba a neman rajista, ba a kuma damunka da talla. Na yi aiki da shi a zangon karatun da ya wuce tare da ƴan ajin ƙarshe na lise a nan Maradi, kuma na gamsu da shi ƙwarai. Sai dai yana da iyaka, wadda in malami bai gane ta ba zai koyar da rabin magana yana zaton ya kammala.

Rumbu ne da masu bincike na duniya ke ajiye siffofin furotin da suka auna, wato inda kowace ƙwayar zarra ke zaune a jikin furotin ɗin. An kafa shi a 1971 a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka da siffofi bakwai kacal, a 2023 ya haura 200,000. Kowace siffa tana da lamba mai gurbi huɗu. Ka rubuta ta a wurin bincike, wata manhaja mai suna Mol* ta buɗe maka furotin ɗin a cikin shafin, ka juya shi da ɗan yatsa, ka matso da shi, ka shiga har cikinsa.

Da himogulobin na fara, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, domin babu ɗalibin da bai san wani mai ciwon emasi ba, ciwon da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira sikila. Lambarsa 4HHB, himogulobin na ɗan Adam ne a lokacin da ba ya riƙe da iskar oksijin. Shekara da shekaru ina zana da'ira huɗu a allo ina cewa ga sarƙa biyu na alfa, ga biyu na beta. A salula sai ga su sun fito kowace da launinta, alfa mai amino asid 141, beta mai 146, a cikin kowace an soke wani faifai mai ƙwayar ƙarfe ɗaya a tsakiya, wadda ita ce ke kama oksijin. A saman hoton akwai jerin amino asid ɗin. Ka taɓa ɗaya, manhajar ta kai ka wurinsa ta nuna maka maƙwabtansa. Wannan shi ne abin da na fi so a shafin gaba ɗaya.

Muka taɓa gurbi na 6 a sarƙar beta. A 4HHB an rubuta GLU, wato gulutamik asid, mai ɗauke da caji, mai son ruwa, yana zaune a bayan furotin ɗin ta waje. Muka koma lamba 2HBS, himogulobin na emasi, sai ga VAL a gurbin, wato balin, wanda ba shi da caji kuma ba ya jituwa da ruwa. Vernon Ingram ne ya gano wannan canji a Kambirij tsakanin 1956 da 1957. Abin da ya ɗaure wa yaran kai shi ne siffofin biyu kusan ba su da bambanci. Sun zaci furotin ɗin emasi zai fito a lanƙwashe ko a karye, sai suka tarar yana nan daidai da ɗan'uwansa. Matsalar tana fitowa ne idan ya haɗu da wani himogulobin. A 2HBS akwai guda biyu manne da juna, sai dai dole ka canza zaɓin nuni daga guda ɗaya zuwa duk abin da ke cikin fayil ɗin kafin ka gan su tare. A nan za ka ga balin na ɗaya ya shige wani ɗan rami a jikin na biyu, tsakanin gurbi na 85 da na 88, inda amino asid ɗin su ma ba sa son ruwa. Na biyu ya kama na uku, na uku ya kama na huɗu, har su zama dogon zare mai tauri a cikin jar ƙwayar jini, ya ja ta ta koma siffar lauje. Ajin ya yi tsit a wannan wuri. Wata ɗaliba ta ce, "Mushe, ke nan wannan ɗan abin ne ke kwantar da mutum sati guda?" Na ce mata shi ne.

Daga nan gwajin da ake yi kafin aure ya zama mai sauƙin bayani. Ana ɗiga jini a kan takarda ta musamman a saki lantarki, himogulobin ya yi tafiya gwargwadon cajinsa. Na A, wato na yau da kullum, ya fi nisa, na S, wato na emasi, ya rage gudu saboda ya rasa cajin gulutamik asid, na C kuwa, wanda laisin ya shiga masa gurbi na 6 kuma ya yawaita a Burkina Faso da arewacin Gana, shi ne na baya. Da irin wannan aune Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa furotin ɗin masu emasi daban yake. Na kuma samu damar ja musu kunne cewa gwajin Emmel, wanda ake duba ƙwayoyin jini a madubin likita, yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS.

Wani yaro da ke zama a baya ya yi tambayar da ta fi kowace amfani: "Mushe, wa ya ga wannan abu da idonsa?" Babu wanda ya gani. Kuma abin da ya sa na amince da shafin shi ne bai ɓoye wannan ba, domin a kan kowace siffa an rubuta hanyar da aka bi aka same ta. 4HHB da 2HBS duka da hasken X aka auna su, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Ana tace furotin, a lallaɓa shi ya daskare ya zama kiristal, inda ɗimbin kwafinsa ke jere a tsari guda. A haska shi, hasken ya watsu ya bar ɗige-ɗige a kan na'ura, daga ƙarfin ɗigon nan a lissafo inda zarra take. Max Perutz ya fara wannan aiki a kan himogulobin a 1937, bai samu siffar farko ba sai bayan fiye da shekara ashirin. Shi da John Kendrew, wanda ya warware siffar mayogulobin, furotin mai riƙe oksijin a tsoka, suka karɓi kyautar Nobel a 1962. Fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da ke rumbun ta wannan hanya aka samo shi.

Kusa da sunan hanyar akwai wani adadi da ya kamata malami ya koya wa yara karantawa, shi ne ma'aunin kaifin hoton, da ake bayarwa da angistirom. Milimita ɗaya tana da angistirom miliyan goma. Ƙaramin adadi shi ne mai kyau. Taswirar Perutz ta farko 5.5 ce, ana ganin yadda sarƙoƙin suka naɗe amma ba a rarrabe zarra; 4HHB kuwa 1.74 ce. Launukan da ake gani kuma na manhaja ne, an sa su ne don ido ya rarrabe.

Yanzu ga iyakar da na ambata. Siffar kiristal tsayayyen hoto ne na abin da ba ya tsayawa. Wanda aka ba hoton ƴan kokowa biyu sun sarƙe a fili zai ga wa ya riƙe ƙugun wa, amma ba zai san tsawon lokacin da suka ɗauka kafin su kai nan ba, balle wanda ya kai ƙasa. Himogulobin yana sauya zama duk lokacin da ya kama oksijin: ƙarfen ya ɗan matsa cikin faifansa, ya ja sarƙar da ke riƙe da shi, rabin furotin ɗin ya juya kimanin digiri 15 a kan ɗaya rabin. Za ka iya buɗe 1HHO, mai oksijin, ka kwatanta da 4HHB ka ga farko da ƙarshe. Akwai hotuna masu motsi da ke nuna tafiyar daga wannan zuwa wancan, suna da kyau, amma na gaya wa yaran cewa tsakiyar kwamfuta ce ta cike ta. Wannan sauyi yana da nauyi ga emasi, don zaren nan yana haɗuwa ne kawai idan furotin ya saki oksijin.

Akwai kuma abin da ya fi wannan girma, wanda babu siffar da za ta nuna shi, wato lokaci. In dai duk himogulobin S da ya saki oksijin nan take yake sarƙewa, da mai SS bai rayu ba. A 1974 James Hofrichter da Philip Ross da William Eaton a Amurka suka auna abin a cikin ruwa, suna bin zafin da ke fita da yadda haske ke ratsa shi, suka tarar akwai jinkiri kafin zaren ya fara haɗuwa. A cikin wannan jinkiri ne yawancin ƙwayoyin jini ke samun ficewa daga ƙananan jijiyoyi kafin su ƙage. Jinkirin kuma ya dogara ƙwarai da kaurin himogulobin a cikin ƙwayar: ragin kusan kashi 8 cikin 100 na iya tsawaita shi ninki goma, ƙari kaɗan kuma ya gajarta shi haka nan. Ga mu da muke shan zafin da ke wuce digiri 40 a Afirilu da Mayu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shi ne dalilin da likitoci ke nacewa mai emasi ya riƙa shan ruwa, shi ne kuma ya sa nake barin duk ɗalibin da na san yana da ciwon ya ajiye gorarsa a kan tebur ko a lokacin jarrabawa. Wannan sashe da bakina na koyar da shi, salula tana aljihu.

Sauran hanyoyin auna siffar furotin na taɓa su a gurguje. Akwai ta maganaɗisu mai ƙarfi da ake kira NMR, wadda ke auna furotin a cikin ruwa. Ta fi dacewa da ƙananan furotin, kuma idan ka buɗe irin siffarta za ka ga zane da yawa a kan juna, sun haɗu a tsakiya sun watse a gefe, alamar inda furotin ɗin ke lilo. Kurt Wüthrich ya samu Nobel a kanta a 2002. Akwai kuma madubin elektiron da ake daskarar da samfuri cikin tsananin sanyi, wanda aka karrama a 2017. Da shi aka fitar da siffar ƙayar ƙwayar korona a farkon 2020, lamba 6VSB. Wannan tana da nauyi, ƙaramar salula tana jan ƙafa wajen juya ta.

Game da AlphaFold, tsarin kwamfuta mai hasashen siffar furotin, yaran sun riga ni jin labarinsa, musamman bayan Nobel ta 2024 da aka ba Demis Hassabis da John Jumper tare da David Baker. Yanzu shafin RCSB yana iya nuna siffofin da kwamfuta ta hasaso idan ka kunna zaɓinsu, kuma an ware su da alama daban, wanda ya dace. Na buɗe hasashen sarƙar beta, ya yi daidai da wanda aka auna abin mamaki, kusan duka shuɗi ne mai duhu, alamar manhajar tana da tabbaci sosai. Amma sarƙa ɗaya ce tilo, babu faifan ƙarfe, babu maƙwabci, don haka labarin emasi ba ya fitowa a cikinta. A kula kuma, a can ana fara ƙirga daga metiyonin, amino asid na farko da ake cirewa daga baya, saboda haka gurbi na 6 yana komawa na 7. Ni dai da abin da aka auna nake fara darasi, hasashe ya biyo baya.

Wahalhalun da na gamu da su yawancinsu na wurinmu ne. Shafin da Turancin Ingilishi yake, yaranmu kuwa da Faransanci suka yi karatu, shi ya sa nake rubuta musu ma'anar maɓallan da za su taɓa a allo tun kafin mu fara. Sashen koyarwa mai suna PDB-101, inda David Goodsell ya fara rubuta bayanin furotin ɗaya kowane wata tun shekarar 2000, yana da zane masu kyau da sauƙin harshe, shi ma dai sai malami ya fassara. Allon salula ƙarami ne, aji kuma cike, dole a raba yara rukuni-rukuni salula tana zagayawa. Kuma ina roƙon duk wanda zai yi wannan darasi ya tuna cewa a gabansa akwai masu SS da masu AS da waɗanda suka binne ƙanne. Ban taɓa tambayar kowa rukunin jininsa a aji ba, kuma na bayyana musu cewa mai AS lafiyayye ne, har ma yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Yawancin siffofin hasken X na yanzu a manyan na'urorin sinkirotiron, masu fitar da hasken X mai ƙarfi, ake auna su, irin ta Gironobul a Faransa, kuma har yau babu ko ɗaya a nahiyar Afirka, alhali mafi yawan jariran da ake haifa da emasi a nan ake haifarsu. Cikin yaran nan akwai masu shirin shiga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su karanci likitanci ko kimiyya, kuma na gaya musu wannan ƙarara.

Ga wanda zai gwada: kada ka dogara da rezo ko kuran a ranar darasi. Fayil ɗin 4HHB bai kai megabait ɗaya ba, ka sauke shi da na 2HBS da 1HHO da dare, ka buɗe su a kwamfuta da ChimeraX, wadda kyauta ce ga masu koyarwa, ko Jmol idan kwamfutar ta tsufa. Fayil ɗin 1HHO na asali rabin furotin ne kawai, alfa ɗaya da beta ɗaya, saboda haka wajen saukewa ka zaɓi cikakken haɗin mai sarƙa huɗu, in ba haka ba kwatancen da 4HHB ba zai fito ba.