Hitar da sanyin Turai ya fasa, a Kumasi aka cire ta

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa. Ka tambaye ni ko aikin hannu a nan ya kai na gida, to ga abin da na gani da idona makon jiya.

Maigidana a Aboabo ya sayi irin ɗakin nan mai taya da Turawa ke ja da mota, gwanjo daga Ingila, an sauke shi a tashar jirgin ruwa ta Tema. Da gado, da murhu, da wurin wanka duk a ciki. Ranar da muka cika masa ruwa sai ga yoyo daga ƙarƙashin kujera. Na ɗaga katifar, na danna katakon ƙasa da yatsa, ya lotsa kamar jiƙaƙƙen burodi. Hitar dumama ruwa ce a wurin, 'yar ƙarama mai cin lita 10, tana aiki da gas da kuma lantarki. Tankinta ya tsage. Can ƙasarsu idan aka bar ruwa a ciki lokacin hunturu sai ya daskare, ƙanƙara kuwa kumbura take yi, ta fasa ƙarfen. Da ciwonta ta zo.

Muka ja shi zuwa Suame Magazine. Yaya, ka ɗauki Ƙofar Ruwa ka ninka ta, unguwa ce guda ba abin da kake ji sai guduma da walda. Na zaga neman sabon tanki har ƙafata ta gaji, babu. A nan kayan mota ko na wace shekara ne za ka samu, amma na irin wannan ɗaki ba mai ajiyewa.

Wani dattijo Bahaushe, haifaffen Zango, shi ya yi aikin. Ya dubi maigidana ya ce, "Alhaji, a zafin Kumasi me za ka yi da ita? A cire." Ya fara rufe tukunyar gas, ya zare wayar wuta da ta batir, ya tsiyaye ruwan, sannan ya kwance murfin hayaƙin da ke waje. Bututun ruwan sanyi da na zafi ya haɗe su don famfo ya ci gaba da zuba. Abin da ya fi burge ni bututun gas ne. Bai yarda a naɗe shi da roba ba, ya sa aka nemo marfin tagulla mai zare, ya ɗaure, ya shafa kumfar sabulu, ya tsuguna yana kallo ko za ta yi ƙwai. Sau biyu ya yi haka. Mu a gida sau nawa muke tsayawa wannan?

Kuɗin aiki ya ɗan fi namu idan ka juya sidi zuwa naira, kuma ta waya muka biya, momo suke ce masa. Ramin da ya rage a bango an rufe shi da falle, katakon kuma sai Asabar.

A gaida Inna da yara.