Wasiƙa zuwa ga Yaya kan maganin faɗuwar suga da ake ba ɗana a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya, na samu saƙonka game da jaririyar ƙanwarmu da ke fama da taune-taune tun tana da sati biyu a duniya, da kuma roƙon da ka yi cewa in aiko da kwalba ɗaya ta maganin da ake ba ɗana, takwaran Baba, tunda alamomin nata sun yi kama da nasa. Na ga ya fi dacewa in zauna in rubuto maka amsa a tsanake, domin ba na son ka ɗauka rowa ce ko tsoron hukuma kaɗai ya hana ni aikowa.

Ciwon da yaron nan yake da shi kishiyar ciwon sugan da muka sani a gida ne. A bayan tumbin ɗan Adam akwai wani sashe da likitoci ke kira pankiriyas, wanda yake fitar da sinadarin insulin idan suga ya hau a jini, ya kuma dakata idan suga ya sauka. A jikin ɗana wannan dakatawar ce babu, saboda haka insulin yana ta kwarara ko ya sha nono ko bai sha ba, yana kwashe sugan da ke cikin jini. Likitar da ke duba shi ta bayyana mini cewa abin da ya sa wannan nau'in faɗuwar suga ya fi sauran haɗari shi ne, insulin ɗin yana kuma hana jiki narkar da kitse ya samar wa ƙwaƙwalwa wani abincin na wucin gadi, sai ƙwaƙwalwar jariri ta zauna babu komai, kuma idan hakan ya daɗe ko ya yi ta maimaituwa, illar ba ta gyaruwa. Ƙiyasin da aka saba ambata shi ne jariri 1 cikin 50,000, amma a al'ummomin da auren zumunci ya yawaita an samu inda ya kai 1 cikin 2,500. Ka san yadda muke da uwarsa, 'yar Kawu ce, don haka da na ji wannan lissafin sai jikina ya yi sanyi.

A rana ta biyu da haihuwarsa aka gano. Unguwarzoma ce ta lura ba ya kama nono, jikinsa ya saki kamar tsumma, hannayensa kuma suna ɗan karkarwa. Ba ta tsaya dogon bayani ba, ta jawo 'yar na'ura daga aljihu, ta tsikari gefen diddigensa, ta ɗiga jini a tsinken gwaji, cikin daƙiƙoƙi kaɗan lambar sugansa ta fito 1.6. Kafin in gama tambayar ma'anar lambar an riga an wuce da shi ɗakin jarirai an ɗaura masa ƙarin ruwan gulukos. Da suka ga yana buƙatar fiye da ninki biyu na abin da jariri ke buƙata kafin sugansa ya tsaya, sai suka ɗebi jininsa a daidai lokacin da sugan ya sake faɗuwa, suka auna insulin a ciki. Wannan gwajin shi ne hujja, domin a jikin mai lafiya bai kamata a ga insulin ba a lokacin da suga yake ƙasa. Na daɗe ina tunanin cewa duk abin da ya biyo baya, da manyan likitoci da na'urori masu tsada, ya rataya ne a kan wannan tsikarin diddige da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma babu abin da zai hana a yi shi a kowane asibitin haihuwa a Kano.

Saboda ciwon ba shi da yawa, hukumar lafiya ta NHS ba ta bar kowane asibiti ya yi ta lalube ba. Ta tattara ƙwararrunsa a asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan, da kuma haɗin gwiwar asibitocin yara na Manchester da Alder Hey na Liverpool domin arewacin ƙasar, inda aka tura mu. Jinin yaron da nawa da na uwarsa kuwa ɗakin gwaji na garin Exeter aka aika, inda ake binciken ƙwayoyin gado. Ba a samu canji a ƙwayoyin da aka fi sani ba, kuma an ce mana hakan ba baƙon abu ba ne ga yaran da magani yake yi wa aiki. Na faɗa maka wannan ne domin kada dangi su yanke hukunci cewa lallai abu guda ne ya kama jikokin gidanmu su biyu.

Maganin kansa sunansa dayazoksaid, kuma a wasu ƙasashe ana sayar da shi da sunan Proglycem. Ruwa ne mai ɗan kauri da sai an girgiza kwalbar kafin a zuƙa da sirinjin baki, ana ba shi sau uku a yini, kowane awa takwas, wanda ke nufin ɗaya daga cikinmu yana tashi da dare ko da yaron yana barci. Aikinsa shi ne ya buɗe wata 'yar ƙofa a jikin ƙwayoyin da ke fitar da insulin, wadda idan tana buɗe sai su rage fitarwa. Da nauyin yaro ake lissafa shi, galibi tsakanin miligiram 5 zuwa 15 ga kowane kilo a yini, saboda haka duk lokacin da aka ɗora shi a sikeli sai a sake duba ma'aunin. Ba shi kaɗai ake sha ba. Yana sa jiki ya riƙe ruwa, don haka ana haɗa shi da wani maganin sa fitsari mai suna kulorotayazaid, kuma kafin a fara ba shi ko ɗigo ɗaya sai da aka yi masa hoton zuciya, domin an san maganin yana iya haddasa hawan jini a jijiyoyin huhun jarirai, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka a shekarar 2015. An koya mana mu riƙa lura da kumburin fuska ko ƙafa da saurin numfashi.

Akwai kuma batun gashi. Ka tuna ranar da muka yi magana ta bidiyo Hajiya ta ga gashi ya sauko masa har kusa da gira, ta ce ai gadon kakansa ne, muka yi dariya muka bar ta a haka. Aikin maganin ne, kuma haka yake a bayansa da damatsansa. An ce yana zubewa bayan wasu watanni idan an daina sha. Uwarsa ta yi kuka a kan wannan gashin fiye da yadda ta yi a kan allurai, ni kuwa a ganina idan har ƙwaƙwalwarsa ta tsira, aski ba shi da wuya.

Mu mun yi sa'a maganin ya karɓe shi. Yaran da ƙofar nan ta lalace musu gaba ɗaya ba ya yi musu aiki, sai a koma allurar oktiriyotaid, ko a yi wani hoto na musamman a ga ko wuri ɗaya ne a pankiriyas yake ɓarnar. Idan wuri ɗaya ne a yanke shi yaro ya warke, idan kuwa duka ne sai a cire kusan dukkansa, wanda sau da yawa yake jawo ciwon suga daga baya.

Game da kuɗi, mutanen gida suna cewa magani kyauta ne a Ingila, to gaskiya ne da gyara. Yaro ƙasa da shekara 16 ba a biya masa kuɗin magani, babba kuwa galibi yana biyan fam 9.90 a kan kowane magani da likita ya rubuta, komai tsadarsa ko araharsa. Amma mu baƙi masu irin bizata muna biyan harajin lafiya tun kafin a ba mu izinin zama, fam 1,035 ga babba a kowace shekara, 776 ga yaro. Duk da haka ba zan yi ƙorafi ba, domin a Amurka ƙaramar kwalbar wannan magani ɗaruruwan daloli ce ga wanda ba shi da inshora. Inda gida ya fi nan sauƙi shi ne wajen samu a hannu. A Kano mutum yana shiga kemis da kuɗinsa ya fito da abin da yake so, a nan kuwa sai likitan unguwa ya sa hannu, takarda ta tafi kemis ta kwamfuta, su kuma su yi oda, domin ba magani ba ne da ake ajiyewa a kanta. Akwai lokacin da wani dogon hutu ya gabato, na je karɓa aka ce mini ba a ma aika odar ba, alhali abin da ya rage a kwalba bai wuce na kwana biyu ba. Ranar na yini a waya ina jin kiɗan jira, har sai da ma'aikaciyar jinya ta sashen ƙwararru ta sa baki aka ba mu daga asibiti. Tun daga nan, da kwalba ta kai rabi nake fara neman wata. Wannan ma dalili ne: ƙididdigaggen abu ake ba mu da sunan yaron a jiki, idan na cire kwalba ɗaya shi ne zai kwana babu.

Ban da kwalbar, an sallame mu da jakar gaggawa da ba ma fita ko'ina sai da ita. A ciki akwai na'urar gwaji, da gulukos mai kauri kamar man shafawa da ake goga wa yaro a cikin kumatu, da allurar gulukagon, wadda take tilasta wa hanta ta saki sugan da ta adana idan yaro ya suma. Ƙa'idar da aka ba mu ita ce, idan lambar suga ta yi ƙasa da 3.5 a ba shi gulukos da nono a sake gwadawa, idan ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a yi allurar a kira lambar gaggawa ta 999. Ita wannan allura ba a son zafi ya wuce digiri 25 a inda aka ajiye ta, ka ga kuwa a watan Afrilun Kano, da yanayin wutarmu, wannan wani aiki ne daban. Sun kuma hana mu ba shi zuma har sai ya cika shekara ɗaya saboda wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba, ka isar wa ƙanwarmu wannan, domin na san abin da za a fara kawo mata ke nan idan aka ji maganar suga.

Dayazoksaid yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019, amma ban taɓa cin karo da shi a kemis ɗin gida ba, kuma ko da an same shi, ba shi ne matakin farko ba. Jijjigar jariri tana da dalilai da yawa a wurinmu: sanƙarau, shawara mai tsanani, wahalar haihuwa, ƙwayar cuta da ta shiga ta cibiya, ko ƙarancin wasu sinadarai a jini. Shi kansa faɗuwar suga ba kullum insulin ke kawo shi ba, kuma jaririn da uwarsa ke da ciwon suga yakan yi irin wannan na 'yan kwanaki ya wuce. Idan aka ba yarinyar da ba ta da wannan ciwo maganin da ke tara ruwa a jiki, ba tare da an duba zuciyarta ba, mun ƙara mata wani ciwon da hannunmu, mun kuma ɓata lokacin da ya kamata a nemo ainihin abin da ke damunta.

Tunda maganar ta zo, ka sa ido a kan Kawu ma. Ƙwayar ciwon suga ta gilibenkilamaid da yake sha, wadda aka fi sani da Daonil, rufe wannan ƙofar take yi da maganin ɗana yake buɗewa, wato tana matsa wa jiki ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Shi ya sa dattijo mai azumi zai iya fara gumi da rawar jiki da sambatu kafin la'asar. Idan haka ta faru yana iya haɗiya, a jiƙa masa sukari cokali uku ko huɗu a ruwa ya sha nan take, a bi da abinci, sannan a kai shi asibiti, domin ƙarfin ƙwayar yana daɗewa kuma sugan yana iya sake faɗuwa.

Abin da nake roƙonka shi ne a kai yarinyar sashen yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano cikin gaggawa, a gaya wa likita cewa ɗan kawunta yana da ciwon yawan insulin tun haihuwa kuma iyayensa 'yan uwa ne, a nemi a gwada suganta a lokacin da abin ya motsa da kuma kafin shan nono. Na tura maka kuɗin na'urar gwaji, amma ka saya a nan gida, wadda ake samun tsinkenta a kusa, domin ta Ingila da wani ma'auni take ƙirga, kuma idan tsinkenta ya ƙare ta zama kayan ado. Yawancin na gida da miligiram suke nunawa, ana ninka lambar Ingila sau 18 ne, saboda haka 3.5 ɗinmu shi ne 63 a wurinku. A riƙa rubuta kowace lamba da lokacinta da lokacin da ta sha nono na ƙarshe a littafi guda, a nuna wa likitan, ni ma ka ɗauko mini hoton shafin. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce wa ƙanwarmu muna yi wa yarinyar addu'a, Allah Ya ba ta lafiya.