Shagon gahawa mai bangon agoguna: abin da ya yi daɗi da abin da ya gaza

Shagon ba shi da allon suna. Wata tsohuwar butar tagulla ce aka rataye a saman ƙofa, sai kuma ƙamshin gahawa da ke tarar mutum tun daga bakin layi. A da wurin gyaran agogo ne, kuma da mai shi na yanzu ya karɓa bai kwashe kayan ba. Bango guda cike yake da agoguna, na katako da na ƙarfe, kowanne da lokacin da yake nunawa. Wasu sun mutu, wasu na tafiya, wasu kuma sai sun ga dama suke bugawa. Kana tsakiyar hira da hantsi sai ka ji wani ya buga sha biyu, kuma babu wanda zai ɗaga kai.

Kujerun ma babu biyu da suka yi kama da juna. Akwai kujerar aski mai juyawa, akwai jerin kujeru uku da aka ciro daga tsohon gidan sinima, akwai teburin keken ɗinki da har yanzu matakinsa ke motsi idan ka ɗora ƙafa. Kofuna na rataye a jikin ƙusoshi, kai za ka zaɓi naka ka miƙa.

Ni dai irin waɗannan wurare ba su cika burge ni ba. Sau da yawa tarkacen ado ake tarawa don a ɗauki hoto, abin shan kuwa ruwa ne baƙi mai ɗaci da aka dafa tun safe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Saboda haka abin da ke cikin kofi na je dubawa, kuma a nan ne wurin ya ci jarrabawa, ko da yake ba a kowane darasi ba.

Babu takardar jerin abin sha. Mai shagon dattijo ne mai ƙarancin magana, kowa Baba yake ce masa. Tambayarsa ɗaya ce: "Ɗana, mai ɗaci kake so, ko mai ɗan tsami?" Na ce, "Baba, wanda kai ka fi so." Sai ya ɗauko wata leda da aka rubuta Yirgacheffe a jikinta, wato wani yanki ne a kudancin Habasha, ƙasar da ita ce asalin gahawa nau'in arabika. A ƙasan sunan an rubuta ranar da aka soya ta da biro. Wannan ranar ta fi duk agogunan bangon muhimmanci, domin gahawa na fara rasa ƙamshinta makonni kaɗan bayan suya, idan an niƙa ta kuma abin ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Na tsaya a gabansa na kalli yadda ya haɗa. Ya auna giram 15 a sikeli, ya niƙa da ɗan injin hannu, ya sa takardar tacewa a mazurarin V60 na kamfanin Hario na Japan, ya jiƙa takardar da ruwan zafi ya zubar don kada warin takarda ya shiga. Ruwan da ya tafasa bai zuba nan take ba, sai da ya bar shi ya ɗan huce, domin tsakanin digiri 90 da 96 ake so. Da ya ɗiga ruwan farko kaɗan, sai garin ya kumbura yana fitar da ƙananan kumfa kamar ƙullun da yisti ya tashe shi. Iskar da ta maƙale a cikin ƙwayar tun lokacin suya ce ke fita, kuma gahawar da ta tsufa ba ta yin haka, kwance take zama. Ya jira rabin minti, sannan ya ci gaba da zubawa da buta mai siririn wuya, yana zagayawa a hankali daga tsakiya zuwa gefe, har sikelin ya nuna 250. Duka aikin bai wuce minti uku da 'yan kai ba.

Abin da ya sauka a kofi ja ne garai-garai, har kana hango gindin kofin. Aikin takardar ke nan: tana riƙe man gahawar da ɗan garin da ke sa ta kauri. Wata matar aure ce a Dresden ta Jamus, Melitta Bentz, ta fito da dabarar a 1908, da ta gaji da tsakin da ke taruwa mata a kofi ta huda tukunyar tagulla ta shimfiɗa takarda daga littafin makarantar ɗanta. Kurɓin farko ya ba ni mamaki. Ya fi kusa da shayi mai lemon tsami da ƙamshin fure, ɗacin kuwa can baya yake. Da ta fara hucewa sai wani zaƙi ya fito wanda ba na sukari ba. Sukarin yana nan a kan kanta, Baba bai hana kowa ba, roƙonsa kawai a kurɓa sau ɗaya kafin a zuba. Wanda ya saba da baƙar gahawa mai ƙauri zai iya cewa wannan ba ta da ƙarfi. Suyar ce ba ta yi nisa ba, an sauke ta da wuri don ɗanɗanon ƙwayar ya tsira.

Wata rana ya ba ni wata daga ƙasar dai, amma wadda aka shanya da ɓawonta da tsokarta a rana tsawon makonni, maimakon a bare a wanke kamar ta farko. Wannan ƙamshin 'ya'yan itacen da suka nuna tiɓis take yi, har da ɗan tsamin abin da ya kwana. Ban so ta kamar ta farko ba, amma na ga mutumin da ke kusa da ni ya nemi ƙari. A wurin da za a ba ka gahawa biyu daga ƙasa ɗaya ka ji bambancinsu ƙarara, an san abin da ake yi.

Inda aka samu tangarɗa shi ne espresso, wato 'yar gahawa mai ƙarfi da inji ke matsowa. Akwai wani saurayi da ke riƙe injin idan Baba na can baya yana suya, kuma hannunsa bai faɗa ba tukuna. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce giram 18 na gari ya ba da kusan giram 36 na abin sha cikin sakan 25 zuwa 30, ruwa na ratsa garin da matsi mai ƙarfi, kusan ninki tara na matsin iskar da muke ciki. Nasa ya zubo shaaa cikin abin da bai kai rabin wannan lokacin ba, alamar niƙan bai yi laushi ba. Sakamakon tsami ne mai kama haƙori, kumfar saman kuma ta baje kafin in zauna. Na yi masa magana, ya ce, "Yi haƙuri yaya, bari in sake." Ya matse injin niƙan ya sake, na biyun ya fi, kuma bai ɓata rai ba. Sai dai ba kowane baƙo ne zai yi magana ba, wani zai sha ya fita bai ƙara dawowa ba. Madarar ma yana ƙona ta. Idan ta wuce digiri 70 zaƙinta na gudu, ta koma warin dafaffiya, ga ta ƙona harshe. Abin takaici ne, domin haɗin da suke amfani da shi na mai madara yana da kyau: gahawar Brazil ce da ɗan robusta, wani nau'in gahawa daban da arabika, kuma Baba bai ɓoye ba. Robusta ta fi ɗaci, sinadarin kafeyin ɗinta mai hana barci ya kusa ninka na arabika, shi ya sa madara ba ta danne ta.

Kek ɗinsu busasshe ne, a wuce shi.

Mai sauri kada ya zo nan. Kofi ɗaya-ɗaya ake haɗawa, idan mutum huɗu na gabanka za ka share kusan minti ashirin. Babu intanet, soket kuma guda ɗaya ne, a ɓoye bayan wani dogon agogo, saboda haka mai niyyar baje kwamfuta ya yi aikin yini zai sha wahala. Kujerun sinimar nan kyansu a ido ne, minti talatin bayanka zai fara ƙorafi. Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar: matakala biyu ce masu tsawo, ga ta matsattsiya, mai keken guragu ba shi da hanyar shiga, tsoho mai sanda ma sai an riƙe shi. Wanda ya iya adana agogo sama da talatin a bango zai iya sa a yi masa gangara ta katako. Ranar suya kuma hayaƙi na cika ɗakin, domin tagar baya ƙarama ce, mai asma ya kiyaye.

Rashin intanet ɗin ya haifar da wani abu da ban zata ba: mutane na magana da juna. Wurin ƙarami ne, dole ka raba tebur da wanda ba ka sani ba, kuma agogon da ya buga ba a kan lokaci ba ya isa ya buɗe hira. A gefen kanta akwai kwalba mai ƙananan katuna. Wanda ya ga dama ya biya kuɗin kofi biyu ya sha ɗaya, a jefa kati a kwalbar, wani da aljihunsa ya yi sanyi ya zo ya ɗauka ba tare da an tambaye shi komai ba. Birnin Napoli na Italiya aka sani da wannan ɗabi'a. Na ga wata ɗaliba ta zaro kati ta miƙa, saurayin ya karɓa ya haɗa mata kamar kowa, ko kallo na biyu bai yi mata ba. Wannan ya wanke masa laifin madarar a wurina, ko da rabi ne.

Kuɗinsu ya ɗara na manyan shagunan da ke da rassa ko'ina. A kan gahawar tacewa ya cancanta, a kan espresso kuwa sai idan Baba ne a kan injin, kuma da safe a tsakiyar mako aka fi samunsa a wurin. Suna sayar da ƙwayar a leda don a tafi da ita gida. Idan kana da injin niƙa, ka ce kada a niƙa maka. Na nemi ledar da aka soya a ranar, Baba ya hana ni, ya ce, "Wannan ba ta huce ba, ɗana, iska ce cike da ita." Ya miƙo min wadda ta kwana biyar, ya ce in rufe bakinta da kyau in ajiye nesa da rana, kada in sa a firji.