Gargaɗi ga masu farautar barewa a Amurka: 'yan damfarar kujerar bishiya sun fito

Jama'a, musamman 'yan uwanmu da suka fara farautar barewa da kwari da baka a jihohi irin su Michigan, Ohio da Pennsylvania, ku kula da tallace-tallacen kujerar bishiya da ke yawo a Facebook da Instagram daga watan Agusta har zuwa Nuwamba. Za ku ga hoton kujera ta sanannen kamfani, Summit ko XOP ko Millennium ko Lone Wolf, a ce wai kamfanin zai rufe ne, ko ana kwashe kayan sito, an karya farashi daga dala ɗari uku da wani abu zuwa dala 59 ko 79. A gefe ga agogo yana ƙirga mintunan da suka rage kafin garaɓasar ta ƙare. Waɗannan shafuka ba na kamfanonin ba ne. Hotunan ma sato su aka yi daga shafukan gaskiya.

Ga wanda bai san harkar ba, kujerar bishiya wani ɗan dandamali ne na ƙarfe mai wurin zama da wurin ajiye ƙafa. Maharbi yana ɗaure shi a jikin bishiya, sama kamar ƙafa 15 zuwa 20, ya yi kwanto a kai har barewa ta zo kusa. Mai bindiga yana iya harbi daga nesa, amma mai baka sai dabbar ta matso kamar yadi ashirin ko talatin, kuma barewar nan mai farar wutsiya hancinta da kunnenta ba na wasa ba ne. Shi ya sa ake hawa sama.

Abin da ya sa 'yan damfarar suka fi ɗana tarkonsu a kan kujera marar nauyi shi ne dokokin dajin gwamnati. Mai gonar kansa yana iya kafa ƙatuwar kujera mai tsani ya bar ta shekara da shekaru. Mu da muke shiga dajin kowa da kowa ba mu da wannan gata. A Michigan ba a yarda ka kafa kujera a filin gwamnati kafin 1 ga Satumba ba, kuma dole ka kwashe ta kafin 1 ga Maris, da sunanka da adireshinka ko lambar lasisin tuƙinka a jikinta. Matakala mai murɗawa cikin itace ma haramun ce a can. A mafi yawan dazukan kula da namun daji na Minnesota kuwa, ba a barin kujera ta kwana, ka shigo da ita da asuba ka fita da ita da dare. Ko inda doka ta yarda a bari, ɓarayi ba su yarda ba. Don haka kowa goyonta yake yi a baya, tare da sandunan hawa da baka da jaka, wani lokaci tafiyar mil guda cikin duhu da sarƙaƙiya. Mai irin wannan tafiya kowace laba sai ya ji ta a kafaɗarsa. Kujerar da ake hawa bishiya da ita kanta, irin ta Summit Viper, tana kai kusan laba 20. Waɗanda ake ratayawa na alminiyam suna saukowa zuwa laba 14, 11, har ƙasa da haka, kuma duk yadda nauyi ya ragu haka kuɗi ke hawa, daga dala 200 har sama da 500. To mutum yana cikin wannan lissafi sai ya ga mai laba 8 a kan dala 69. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Macutan kashi biyu ne, kuma ni a ganina na farkon ya fi na biyun sauƙi, duk da shi ne wanda aka fi kuka da shi. Na farkon yana karɓar kuɗi ne ya ɓace. Wani ɗan uwa da muke farauta tare ya faɗa hannun irinsa. Ya biya, aka turo masa lambar bibiyar kaya, bayan kwanaki lambar ta nuna wai an kai kaya garinsa, shi kuwa bai ga ko kwali ba. Dabarar ita ce su aika wata 'yar ambulan marar amfani zuwa wani adireshi daban a unguwarku, ko su saci lambar wani kayan da aka kai yankin, domin idan ka kai ƙara su nuna shaidar cewa kaya sun isa. Idan haka ta same ka, je ofishin gidan waya na unguwarku da lambar, ka roƙi su duba maka nauyin abin da aka kai da kuma ko adireshinka ne. Kujerar ƙarfe ba ta shiga ambulan, kuma wannan bayani shi ne zai taimake ka a wajen banki.

Na biyun shi ne wanda ya sa na zauna rubuta wannan. Shi yana aiko maka da kujera da gaske. Tana zuwa a kwali marar suna, fentinta yana ƙyalli, ka ɗaga ka ji ba nauyi, ka ce ai ka ci riba. Amma babu takardar bayani, babu lambar kaya, babu alamar iyakar nauyin da za ta ɗauka, ko kuma an manna wata takarda da aka rubuta laba 300 saboda haka manyan kamfanoni suka saba rubutawa. Wa ya gwada? Babu. Kujerar kirki duk rayuwarka tana rataye ne a kan abubuwa kaɗan: waldar da ta haɗa dandamali da sandar tsaye, wayoyi biyu na ƙarfe da ke riƙe dandamalin, notuna, sai madaurin da ya zagaye bishiyar. Rage nauyi ba tare da rage ƙarfi ba aiki ne na injiniya, da zaɓen irin alminiyam, da gwaji, kuma kuɗin da kake biya ke nan. Mai jabu ya kwaikwayi siffa ne kawai. Ya sirance ƙarfen, ya sa notin da bai kai ba, ya ɗinka madauri da zaren da sanyi da rana za su cinye. A falo za ta ɗauke ka lafiya lau. Ranar da za ta ba da kai ita ce safiyar Nuwamba mai ƙanƙara, kana sanye da kayan sanyi masu nauyi, ka miƙe ka karkata gefe guda don ka ja baka, duk nauyinka ya koma kan kusurwa ɗaya. Faɗuwa daga ƙafa ashirin tana karya ƙashin baya, kuma a dajin gwamnati sau da yawa kai kaɗai ne, wayarka ma babu sabis.

Akwai ƙungiyar masu ƙera waɗannan kujeru da ake kira TMA. Kamfanonin da ke cikinta suna kai kayansu gwaji bisa ƙa'idojin da aka amince da su, kuma tun 2004 aka saba su sa ɗamarar tsaro mai kama jiki duka a cikin kwalin. Kafin ka biya, duba ko kamfanin yana cikin jerinsu. Akwai ƙananan kamfanoni na gaskiya da ba sa ciki, amma su za ka same su da adireshi, da lambar waya da mutum zai ɗauka, da maharba da suka daɗe suna amfani da kayansu. Haka kuma hukumar CPSC ta gwamnatin tarayya, mai kare masu saye daga kaya masu haɗari, tana wallafa sunayen kujerun da aka janye daga kasuwa saboda lahani. A lura, har manyan kamfanoni ana janye kayansu. Bambancin shi ne su suna da wanda za a kama, za su canza maka ko su biya ka. Shafin da aka buɗe watan jiya, wata mai zuwa babu shi.

Gane shafin ƙarya ba wuya idan mutum ya natsu minti biyar. Dubi sunan shafin da kyau, za ka ga sunan kamfanin gaskiya an liƙa masa wata kalma, ko an canza harafi guda. Sa sunan a shafin binciken ICANN, ƙungiyar da ke kula da sunayen shafukan intanet, zai nuna maka ranar da aka yi rajistarsa. Kamfanin da ke cewa ya shekara ashirin yana aiki amma shafinsa bai cika wata biyu ba ya gama faɗa maka ko shi wane ne. Sa hoton a Google Lens ka ga inda aka ɗauko shi. Adireshin da suka rubuta, duba shi a taswira, sau da yawa gidan wani bawan Allah ne ko fili. Sharhin masu saye duk yabo ne, duk rana ɗaya aka rubuta su. Kuma in ka ƙara dubawa, shafin da ke sayar da kujerar farauta yana sayar da injin wanki da keken yara, duk a farashi ɗaya.

Kasuwar kayan hannu na biyu ma tana da nata. A Facebook Marketplace da Craigslist za ka ga wanda ke cewa mahaifinsa ya rasu yana rabuwa da kayan farautarsa, ko an yi masa canjin wurin aiki, amma ba zai iya haɗuwa da kai ba, ka tura kafin alƙalami ta Zelle ko Cash App don akwai masu jira. Kuɗin da ka tura da hannunka ta wannan hanya dawo da shi yana da wuya ƙwarai, Zelle da kansa yana cewa a yi amfani da shi ne da mutanen da aka sani. Haka in ya ce ka biya ta PayPal a sashen 'yan uwa da abokai don a guje wa kuɗin caji, kariyarka ce yake so ka yar. Ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ɗauki hoto da ita a kan kujerar. Mai gaskiya minti biyu ne. In kun haɗu ido da ido, duba inda aka kankare suna ko aka yanke kwaɗo, domin kujerun da ake sacewa a daji nan suke ƙarewa. Ko da ta halal ce, canza madaurai da wayoyin da sababbi daga kamfanin. Ɗamarar tsaro kuwa kada ka saye ta hannu na biyu ko kyauta ce, tana da ranar ƙarewa a jikinta, yawanci shekara biyar, kuma wadda ta taɓa tare mutum a faɗuwa ta gama aiki ko da ido bai ga komai ba.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, shawarata ya haƙura da marar nauyin a bana. Kujerar ƙarfe mai ɗan nauyi ta sanannen kamfani tana nan a Bass Pro Shops ko Cabela's ko shagon maharba na garinku a farashi mai sauƙi, kafaɗa ce kawai za ta sha wuya. Ragin gaskiya yana zuwa ne bayan an rufe kakar farauta, wajen Janairu da Fabrairu. Ko kuma ya yi kwantonsa a ƙasa, a bayan kututture, iska tana bugo fuskarsa. Maharbanmu na gida da haka suke cin nama.

Idan an riga an cuce ka, kada kunya ta sa ka yi shiru. In da katin bashi ka biya, dokar tarayya ta 1974 ta ba ka kwana 60 daga ranar da aka aiko maka da takardar lissafin da cajin ya fito a ciki ka rubuta wa banki ƙorafi. In ta PayPal ne a sashen kaya da ayyuka, kana da kwana 180 kan kayan da ba su zo ba, amma kada ka zauna jiran alƙawarin mai sayarwa, jan lokaci yana cikin dabararsu. Ka adana hoton tallar da saƙonninku tun shafin bai ɓace ba, ka sa banki ya canza maka kati tunda lambarsa tana hannunsu, sannan ka kai rahoto ga hukumar FTC mai kare masu saye da sashen IC3 na FBI mai karɓar ƙorafin damfarar intanet.

In kuma jabun ce ta iso hannunka, don Allah kada ka ce bari ka sayar wa wani ka rage asara, kada kuma ka ba yaro ya koyi hawa da ita. Bayan ka ɗauki hotunan da banki zai nema kuma an gama maganar kuɗinka, yanke wayoyin da madaurin, ka kai ƙarfen wajen masu sayen gwangwan.