Gargaɗi: kebul ɗin jirgin ruwa ya sayar mini da sunan na giyar mota

Jama'a masu haɗa mota da hannu, ku yi hattara da wani mai tallan kayan giyar mota a Facebook. Naira dubu 480 ya karɓa. Dubu 480, a kan kebul biyu da birakit (ƙarfen da ke riƙe su) wanda bai fi murfin tukunya kauri ba.

Motar da nake haɗawa ta wani Alhaji ce, mai kujera biyu, inji a bayan direba, giyabos kuma Audi 01E mai giya shida, irin wanda difarenshal ke cikinsa. Tunda giyabos ɗin na can ƙarshen mota, sandar ƙarfen da ya zo da ita ba ta da hanya, sai dai kebul biyu masu turawa da ja. Ɗaya na gaba da baya, shi ke sa giya. Ɗaya na hagu da dama, shi ke zaɓar layi. Na rubuta wa mai tallan ɓaro-ɓaro: kebul mai kauri aji 40, zaren baki (inda ake ɗaura noti) 1/4-28, tafiyar inci 3. Ya ce, "Injiniya, ai kai ka san aiki." Wannan maganar ita ke ta dawo mini. Har tambayata ya yi ko salansa na kusa da hanyar kebul, tambayar da sai wanda ya taɓa aikin yake yi. To, ta ina zan zarge shi?

Abin da ya iso 33C ne, wanda ake ja totur da giyar injin kwale-kwale da shi. Zaren bakinsa 10-32 ne, kaurin milimita 4.8 ke nan, alhali na 1/4-28 milimita 6.35 ne. Ya ɗaura masa ƙarin baki mai kauri, ya lulluɓe mahaɗar da baƙar roba, a hoto ba ka ganewa. Bidiyon ma da ya turo bayan na tura rabin kuɗin na farko, dubu 240, kayan kirki ya nuna. Ba su ya sa a kwali ba.

Kada wani ya ce saiti ne ban iya ba. An sa giyabos a firi, a layin 3 da 4 inda sandarsa ke hutawa. An kafe liba, wato sandar da direba ke sa giya da ita, a tsakiya da fin. An kawo kowane kebul tsakiyar tafiyarsa, inci ɗaya da rabi ta kowane ɓangare, da notocin da ke riƙe rigarsa a jikin birakit, sannan aka juya kan ƙwallon da ke bakin kebul har ya faɗa mazauninsa da kansa, ba a ja shi ba, ba a tura shi ba. Zare ya shiga milimita 10, aka ɗaure notin kulle. Na zaɓar layi aka fara saitawa, don idan shi ya kauce, sai ka nemi 3 ka faɗa 5, ko ka rasa ribas gaba ɗaya. Babu lanƙwasar da ta matse ƙasa da inci 8, domin kowace lanƙwasa tana ƙara wasa a liba.

Duk da haka, giyar da ake shiga da ja tana shiga, wadda ake shiga da turi tana tsayawa rabi. Dalili a fili yake: siririn kebul yana jure ja, amma idan aka tura shi da ƙarfi sai ya lanƙwashe cikin rigarsa, bakinsa ya karkace. Birakit ɗin kuma milimita 2 ne, inda ake son 5 ko 6. Da idona na ga yana rusunawa, yana cinye tafiyar da ya kamata ta kai ga sandar giya. Giyar da ba ta zauna ba fita take yi da an ɗaga ƙafa daga totur, tana cin haƙoran sinkiro, zoben da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga. Zagaye ɗaya a cikin unguwa giya ta biyu ta fara gurnani. Yanzu sai an sauke giyabos, kuma ni zan dubi idon Alhaji. Dubu 480 ɗin daban, wannan daban.

Da na kira shi, cewa ya yi zafin salansa ne ya narkar da robar ciki. Ƙarya ce. Kebul ɗin ta ɗaya gefen ya bi, a cikin rigar kare zafi, kuma har yanzu yana zamewa sumul a hannu. Washegari ya toshe lambata. Tun farko ma, asusun da na tura kuɗin sunan wani ne daban, ya ce na ƙaninsa ne. Na gani, na kuma tura, saboda wannan tambayar ta salansa.

Ku sa a yaye robar baki, a ɗora ma'auni a kan zaren a bidiyo, a nuna lambar da ke jikin rigar kebul, kada kobo ya fita sai kaya sun zo hannu. Hotunan hirarmu da rasit biyu na dubu 240 suna nan, zan sa su da daddare idan na rufe lambar asusuna.