Help ɗin Windows XP in ya fara mutuwa, kar a yi saurin fomatin

Har yanzu akwai masu aiki da Windows XP, ni ma ina ciki, saboda injin yankan sitika na shagonmu direbansa, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, ba ya hawa sabbin Windows. Tun 2001 XP ya fito, a Afrilun 2014 aka daina yi masa sabuntawa, amma wallahi ɓangaren Help ɗinsa har gobe ina yaba shi. Littafin injin gaba ɗaya yana cikin fayil guda mai ƙarewa da .chm, ka danna F1 ya buɗe, ga babi-babi a hagu ga wurin bincike, ba ruwanka da data.

To sai ya fara min wani abu, da na taɓa Search ko Index sai tagar ta daskare, can akwatin nan ya fito wai shirin ya gamu da matsala dole ya rufe, ga maɓallin Don't Send, kuma abin da ya fi ci min rai idan daga cikin manhajar injin na buɗe shi to tare suke tafiya, aikin kwastoma da ban adana ba shi kenan. Dalili shi ne Help ɗin a cikin manhajar yake zaune lokacin, ba daban yake gudu ba.

Kowa na tambaya sai ya ce fomatin kawai. Ban yarda ba. Shi hh.exe, shirin da ke buɗe fayilolin .chm, ɗan ƙaramin abu ne, masu aikin gaske su ne hhctrl.ocx da itss.dll da itircl.dll, shafukan kuma injin Internet Explorer ne ke nuna su. A tawa kwamfutar wata manhajar share-share ce da mai ita na farko ya saka ta goge wa fayiloli ukun nan rajistarsu, wato shaidar da Windows ke gane su da ita. Na shiga Run, akwatin rubuta umarni, na rubuta regsvr32 hhctrl.ocx don a sake yi masa rajista, na yi wa sauran biyun haka, sannan na goge hh.dat da ke cikin foldar HTML Help a Application Data, a fayil ɗin nan Help yake ajiye girman taga da Favorites, wato shafukan da ka ware, in ya lalace yana jawo wannan mutuwar. Da kansa yake ƙirƙiro sabo, sai dai Favorites ɗinka sun tafi, wannan kam ya min ciwo don na tara shafukan saitin wuƙa da yawa.

Idan kuma fari fat shafin ya fito bai mutu ba, wannan daban ne, duba ko akwai alamar # a sunan foldar, ko fayil ɗin a kan netwok yake, tun sabuntawar tsaro ta 2005 aka toshe buɗe shi ta can. Kwafo shi cikin kwamfutar, in ka ga Unblock a Properties ka danna.

Tun da na cire manhajar share-sharen nan bai sake rufewa ba, kuma dan Allah kar a buɗe .chm ɗin da ba a san inda ya fito ba, yana iya ɗauko bairos.